Sallamar Iya Tani

Jafaru ɗan Malam Hamma mai hatsi ya daɗe yana gyaran waya a wata 'yar rumfa a bakin tashar Kankiya kafin ya koma karatu. Jami'a ya so, ita ce ba ta so shi ba, ya rubuta jarrabawar shiga har ya gaji da zuwa duba suna. Da ƙungiyar ci gaban gari ta buɗe 'yar kwalejinta ta koyon sana'a a wani tsohon sito, ɗaki biyu da janareta mai tari, mutanen tasha suka yi ta dariya, wai kwalejin da ko tuta ba ta da ita. Mu nan haka muke, abin da aka yi a gida sai mun raina shi tukuna. Jafaru ya bar su da dariyarsu, ya je ya shiga ajin yamma, sashen haɗa sadarwar kwamfuta, domin da safe yana rumfa.

Malaminsu, Malam Lawal, mutumin Kusada ne da ya yi aiki da wani kamfanin sadarwa a Kaduna, ya dawo gida da iyayensa suka tsufa. Ba ya yabo, ba ya faɗa. Idan ka jera siraran wayoyin cikin kebul ba bisa tsarin launinsu ba, almakashi kawai zai ɗauka ya datse kan ya miƙo maka ka sake. Jafaru ya sha datsa. A hankali hannunsa ya faɗa. Ya iya ba kowace kwamfuta adireshinta, ya iya raba su gida-gida yadda ta ofishin kuɗi ba za ta leƙa ta ɗakin magani ba, ya kuma daina taɓe-taɓen masu gyaran tasha, ya koyi bin sawun matsala tun daga kebul har zuwa rauta, na'urar nan mai rarraba intanet.

Sai dai Malam Lawal bai ɓoye musu ba, takardar kwalejin iyakarta Kankiya. Mai ɗaukar aiki satifiket ɗin ƙasar waje yake tambaya, wanda ake rubuta jarrabawarsa ta intanet. Ƙungiyar ta samo wa ɗalibanta tallafi, kowa dama biyu, babu ta uku. Ana cikin haka sai ga wani kamfani ya sami aikin haɗa intanet a ƙananan asibitocin Kankiya da Kusada, ya ce yana son ɗan gida mai satifiket kafin ƙarshen wata, in ba a samu ba ya kawo nasa daga Kano. A ajin nan kaf babu wanda ya shirya sai Jafaru, kuma shi ma ya san haka.

Ita jarrabawar dokokinta sun fi tambayoyinta ban tsoro. Kana iya yin ta a ɗakinka, amma akwai wani can wata ƙasa yana kallonka ta kamarar kwamfuta tun daga farko har ƙarshe. Sai ka zagaya da kamarar ka nuna masa kowace kusurwa. Ba ka tashi, ba ka waiwaye, ba ka magana ko da kai kaɗai, kuma kada wani ya shigo. Intanet ɗin kwalejin an gwada shi bai kai ba, ga kuma rurin janareta. Don haka Jafaru ya gyara ɗakinsa da ke kusa da zauren gidansu, ya kafa eriya a kan gora, ya aro batir, ya kwashe komai har kalandar bango.

Sannan ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya yana gargaɗi. Mahaifiyarsa Maimuna ta ce ranar ko turmi ba za a taɓa ba. Malam Hamma ya yi dariya ya ce shi dama yana kasuwa. Yaran gida aka ce a kora su maƙwabta. Ƙofar ɗakin ba ta da sakata ta ciki, amma da yake kowa ya ji, bai damu ba. Mutum ɗaya ce bai gaya wa ba, ita ma don ba a garin take ba.

Iya Tani kakarsa ce, uwar Malam Hamma, tana zaune a gidansu na asali a Yashe, ta ƙi ƙaura ko da aka yi ta roƙonta. Kunnenta ya yi nauyi, amma idonta garau, har yanzu ita ke zura wa kanta zare a allura. Cikin jikokinta Jafaru ne nata. Maigida take ce masa, shi kuma ya ce mata amarya, in suka haɗu sai ta yi ta ƙorafin cewa ya bar ta ba cefane, shi kuma ya ce ai ta tsufa, sabuwa zai yi. A bakin wani mai awo ta ji cewa maigidan nata zai rubuta babbar jarrabawa ranar Laraba. Ba ta shawarci kowa ba. Ta je wajen liman ya yi mata addu'a a ruwa, ta ɗura a gora, ta hau motar kasuwa.

Jafaru ya yi nisa a jarrabawa, tambayoyin suna zuwa masa yadda yake so, sai ya ji sallama a bakin ƙofa. Ya gane muryar nan take. Ya yi shiru. Ta sake yin sallama, ya danne harshensa, idonsa a kan kwamfuta yana karanta layi ɗaya ba ya fahimta. To ita Iya Tani tana ganin takalmansa a bakin ƙofa. A saninta na duniya, Musulmi lafiyayye ba ya jin sallama ya ƙi amsawa, in ka ji shiru to ba lafiya ba. Ta yi ta uku da ƙarfi, ta tura ƙyaure.

Shi kuwa tun yana ɗan mitsitsi aka koya masa amsa sallama, ita ce ma ta koya masa. Bakinsa ya riga tunaninsa. Ya waiwaya ya ce, "Wa alaikumus salam. Iya, don Allah ki fita."

Ba ta ji ba. Ta ƙaraso ta leƙa kwamfutar ta kafaɗarsa, ta ɗora hannu a kansa ta fara tofi. Rubutu ya fito daga mai sa ido, gajere, cikin ladabi, tambayoyin suka ɓace.

Ni dai har yau ban ga laifin kowa a cikinsu ba. In akwai mai laifi, wanda ya tsara jarrabawar da ba a amsa sallama a cikinta ne, kuma shi bai ma san ana yin Yashe ba. Amma Jafaru a lokacin bai ga haka ba. Bai yi mata tsawa ba, gara ma da ya yi. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya ce mata an soke, ya sa takalmi ya fita, ya bar ta tsaye da gorar ruwa a hannu. Maimuna ce ta yi mata bayani a cikin gida, tana ɗaga murya saboda kunnen, har maƙwabta suka ji. Iya Tani ba ta ci abincin da aka kawo mata ba. Kafin la'asar ta koma Yashe, Jafaru bai raka ta tasha ba. Haushinta yake ji, yana kuma jin kunyar haushin, abin ya haɗe masa ya hana shi sakewa.

Malam Lawal da ya ji labari sai da ya juya baya ya gama murmushinsa, sannan ya ce saura ɗaya, a nemi rana. Suka duba cibiyar da ake rubutawa a Kano, ta cika har wata mai zuwa. Ta rubutawa a gida kuwa rana ɗaya ce ta rage kafin wa'adin kamfanin, wata Asabar da hantsi. Jafaru ya kama ta, ya sayo sakata ya buga wa ƙofarsa.

Sakatar ba ta yi amfani ba. Ilham, matar wansa Kabir, ta haihu, aka sami mace, da aka ƙirga sai suna ya faɗa a kan wannan Asabar ɗin daidai. Wanda ya san gidan suna ya san babu sakatar da za ta tare shi. Tun asuba maza za su cika ƙofar gida, ga maroƙa, ga yanka, mata kuma su shigo da guɗa, kowace da sallamarta, kuma ɗakin Jafaru ne na farko in an wuce zaure. Suna ba a ɗaga shi don jarrabawa, ba wanda ma ya kawo maganar. Daɗin daɗawa, Kabir ya yi wa jaririyar huɗuba da Hadijatu, sunan Iya Tani na yanka, don haka dangin Yashe gaba ɗaya za su zo.

Jafaru na zaune a tsakar gida ya rasa abin yi, mahaifiyarsa na lissafa wa wata maƙwabciya baƙin da za a dafa wa. Ta ce mutanen Yashe mota guda za su cika, gidan can kulle shi kawai za a yi. Sai ya ɗago kai. Ranar Asabar, duk faɗin danginsu, babu inda zai kai ɗakin Iya Tani shiru.

Ya kai wa Malam Lawal maganar, ya ce matsalar dai ita ce gidan yana gefen gari a cikin kwari, mai son yin waya ma sai ya hau tudun bakin rijiya. Malam Lawal ya dube shi ya tambaye shi satifiket ɗin mene ne zai rubuta. Ya buɗe kabad ya ba shi aron wata eriya mai kamar faranti, irin wadda ake saita ta ta fuskanci ƙarfen sabis daga nesa, da nadin kebul, ya ce sauran ya rage nasa.

Ranar Alhamis ya ɗaure kayan a bayan mashin ya nufi Yashe. Ya sami Iya Tani a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Ya yi sallama ta amsa, ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambayi mutanen gida da mai jego da takwararta. Ba ta ce masa maigida ba, ba ta yi ƙorafin cefane ba. Jafaru take ce masa, kamar wani baƙo daga sakatariya, kuma wannan ya yi masa ciwo fiye da soke jarrabawar. Ya matsa kusa da kunnenta ya ce aron ɗakinta ya zo yi.

"Ɗauka," in ji ta, ba ta daina ɓarar ba. "Ni ran nan ina Kankiya. Ba ni nan balle in sake ɓata maka."

Ya tashi ya kama aiki. Ya haɗa gora biyu ya ɗaure da waya, ya ɗora farantin a kai, ya kafa a jikin rumbun da ya fi tsawo, ya ja igiya ta ɓangare uku ya ɗaure a turaku don kada iska ta juya shi. Ya ja kebul ta saman danga har taga. Abin da ya rage shi ne saiti, kuma nan ne mutum ɗaya ba ya iyawa. Shi yana saman rumbu yana juya farantin kaɗan-kaɗan wajen Kusada inda ƙarfen sabis yake, rautar kuma tana ƙasa, wutarta ce za ta nuna in an dace. Ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, zafin bazara na dukansa, matasan gidan duk sun tafi sharar gona.

Iya Tani na kallonsa ta wutsiyar ido. Da ta gaji da ganin wahalar ta ce mi yake nema a cikin akwatin ne. Ya nuna mata 'yar wutar, ya ce yanzu ja ce, so yake ta koma kore ta tsaya. Ta ja kujerarta ta zauna gaban rautar, ta ce ya hau. Ya juya, ta ce ja. Ya ƙara, ta ce tana ƙyafta ido. Ya dawo da shi baya kamar faɗin yatsa, ta yi shiru har ya zaci barci ya ɗauke ta, can sai ta ce, "Ta yi kore shar. Kada ka ƙara taɓawa, kai da hannunka ba ya zama wuri guda."

Ya ɗaure ya sauko ya gwada. Intanet ɗin ya fi na ɗakinsa na Kankiya ƙarfi. Ya tsaya yana kallon gorar nan a saman rumbun kakarsa, daɗi ya cika shi, domin wannan ne aikin farko da ya yi shi kaɗai tun daga tushe, babu Malam Lawal da almakashinsa. Ita kuwa ta koma kan gyaɗarta, amma ta tura masa kwanon fura da ƙafa.

Ranar Asabar da sassafe motar ta zo. Maza dama sun riga sun tafi raɗin suna, saura mata da yara. Iya Tani ta fito cikin sabuwar atamfar da Kabir ya aiko mata, ta sha lalle, da ƙullin kayan barka a hannu. Aka ba ta gidan gaba. Har ta zauna, sai ta leƙo ta tambayi Jafaru wa zai tsaya masa a ƙofa. Ya ce babu kowa, kulle zauren zai yi ta ciki.

Ta dube shi, ta dubi mashin ɗinsa da ke jingine a waje, ta dubi gorar da ta tsere wa duk rufin unguwar. "Kai ba ka san mutanen Yashe ba," in ji ta. "An yi haihuwa a gidan nan, ga mashin a ƙofa, ga wannan abu a sama. Wanda bai tahi Kankiya ba nan zai zo barka. In sun yi sallama sun ji shiru, ta danga za su shigo su ga ko lahiya."

Ta buɗe mota ta sauko. Matan suka yi caa, ana ce mata takwararta ce fa, yau ranarta ce, ita za a fara miƙa wa jaririyar, me za a ce wa Kabir. Jafaru ma ya roƙe ta ta koma, domin ya san yadda ta ƙagu da wannan rana, tattaɓa-kunnenta ta farko ke nan, kuma mai sunanta. Ta ce takwara ba ta fara tafiya ba balle ta gudu. Ta miƙa musu ƙullin ta ce su kai, ta sa aka fito mata da tabarma, ta shimfiɗa a bakin zaure ta waje, ta gitta sandarta a ƙofa. Direba ya gaji da jira ya ja mota.

Ɗakin nata yana can ƙuryar gida, tsakar gida mai faɗi ta raba shi da zaure. Jafaru ya rufe ƙofa da taga, ya zagaya da kamara ya nuna wa mai sa ido bangon ƙasa da gadon ƙarfe da ya yaye wa komai, aka ce ya fara. Zufa na bin bayansa. Tambayoyin farko suka zo da sauƙi, sannan aka ba shi zanen wata ma'aikata mai rassa, aka ce ya gano dalilin da reshe ɗaya ba ya samun sauran. Yana tsakiyar bin adireshin ɗaya bayan ɗaya sai ya ji sallama can nesa, muryar namiji. Harshensa ya motsa a cikin baki. Kafin ya yi wani abu ya jiyo ta Iya Tani, ƙasa-ƙasa, ta amsa. Sai ya ji hankalinsa ya kwanta, tunda mutum ɗaya in ya amsa ya ɗauke wa gida duka. Ya koma kan zanen, ya ga inda aka ba wata rauta adireshin da ba na gidanta ba, ya gyara.

Sallama ta yi ta zuwa, yana jin su sama-sama kamar a mafarki, kowace ana amsa ta a kuma tsayar da ita a can. Daga baya aka ba da labarin abin da ya faru a waje. Mata masu barka ta karɓi gaisuwarsu da raɗa ta sallame su. Wani mai tallan yadi ta nuna masa hanya da sanda. Mai unguwa da kansa ya zo jin bayanin gorar da aka kafa ba a gaya masa ba, ta ce masa in bayani yake so ya zauna ya jira, amma kada ya yi tari. Mutumin da ake tashi in ya shigo, ya zauna a gefen tabarma ya yi tsit, domin ita ta yi goyon uwarsa. Wani zakara da ya nufi ƙuryar gida ma sai da ta bi shi da jifa.

Jafaru ya amsa ta ƙarshe, ya yi bisimilla a zuci ya danna. Kwamfutar ta yi ɗan jinkiri, sannan sakamakon ya fito. Ya karanta sau biyu don ya tabbatar. Ya jira har mai sa ido ya ce an gama, kamara ta mutu, sannan ya kifa kansa a kan tebur na ɗan lokaci.

Da ya fito rana ta take. Inuwar zauren ta janye ta bar tabarmar a fili, amma Iya Tani ba ta matsa ba, don in ta bi inuwa ƙofar za ta zama babu kowa. Sabuwar atamfar ta jiƙe da zufa. Mai unguwa na gefe da wasu dattawa biyu, kowa ya yi shiru kamar ana jiran liman. Jafaru ya tsallake sandar ya durƙusa a gabanta ya ce mata ya ci.

Ta ɗora yatsa a leɓe da sauri, ta leƙa bayansa cikin gida a tsorace. Da raɗa ta ce, "Yi a hankali. Mutumin ya tahi?"

Hawaye ya cika masa ido. Ya kai bakinsa kunnenta ya faɗa da ƙarfi yadda duk unguwar za ta ji, ya ce ya tafi, an gama, ya ci, aikin asibiti ya samu in Allah ya yarda. Dattawan suka shiga yi masa barka, mai unguwa ya samu ya yi tarin da ya daɗe yana riƙewa. Iya Tani ta miƙo hannu. Ta kama fuskarsa da hannu biyu tana dubawa, leɓenta na motsi, ta daɗe a haka. Sannan ta saki, ta goge idonta da bakin mayafi, ta miƙa masa hannu ya tashe ta, ƙafafunta sun sage saboda zama.

"To maigida," in ji ta, "tada mashin ɗin nan. Ka hana ni ganin yanka, kada ka hana ni ganin yarinyar."